Motar da za ta bi hanyar duwatsun bakin teku, me za ka fara dubawa?

Ka ce mai motar nan shi da abokansa huɗu za su yawon shaƙatawa ta irin hanyar nan mai bin gefen teku, dutse ta hannu ɗaya, ruwa can ƙasa ta ɗaya hannun, wai ka canja baƙin mai ka duba fulogi, saura me? To yaro ka fara ta inda ba nan gizo ke saƙa ba. Ni hawa ba ya ba ni tsoro, in inji ya gaji iyakaci mota ta tsaya a yi ta tsaki. Gangara ce abin ji.

Hanya ce kwana kan kwana, ga mutum biyar ga but cike da kaya, direba ya ɗora ƙafa kan birki tun daga saman dutse bai ɗaga ba har ƙasa, birki ya ɗau zafi, zafin nan ya bi har ya kai ga man birki. Shi kuma man birki yana shan danshin iska a hankali ko da motar a ajiye take. Man birki mai lambar DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 230, amma in ya sha ruwa tun 155 zai iya tafasa, DOT 3 kuwa daga 205 yake faɗowa 140. Da ya tafasa sai ya yi kumfa, ka taka birki ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa kamar ka taka soso, ga kwana a gabanka ga teku. Don haka kar ka leƙa ka ce ai man a cike yake. Tambayi mai motar yaushe rabon da a canja man birkin, in ya haura shekara 2 ko ya fara sosa ƙeya, juye shi duka ka fitar da iska a kowace ƙafa. Ka cire tayoyin ka ga kaurin fad ɗin birki da idonka, ba da ka ba.

Taya kuma kar zanenta ya ruɗe ka. Akwai lamba huɗu a gefenta, 2319 na nufin sati na 23 a 2019, tsohuwar taya roba ce busasshiya ko da zanen bai cinye ba. Iska ka bi takardar da ke jikin ƙofar direba, layin cikakken lodi, kuma da sanyinta ake aunawa. Safaya ma haka, ita ce kullum ake mantawa. Lagireto da fanka da fambel ka san wannan, ba sai na maimaita ba. Waifa dai sa sabuwa ka cika tankin ruwanta, iskar teku tana barin gishiri a gilashi, rana na dukansa ba ka ganin komai.

In mai motar ya zo ɗauka ka gaya masa, giyar da ya hau dutse da ita, da ita zai sauka, in otomatik ce ya mayar 2 ko L inji ya riƙe motar, kuma kar ya kuskura ya sake ta a firi wai yana tattalin mai. In abokai suka fara kai duba can duba can, ya nemi inda aka ware don tsayawa ya faka kowa ya ɗau hotonsa. Sun dawo a wanke ƙarƙashin motar da ruwa sosai saboda tsatsa.

Je ka ɗaga gaban ka cire tayar, ina gama wannan kulochin zan zo mu gani tare.