Yadda jan ƙarfe da halaid ke tayar da sarƙar polima

Ƙanena, ka tambaya daga jami'ar Maradi yadda ƙarfe da mahaɗin halaid (sinadarin da buromin ko kulorin ke manne da kabon a cikinsa) suke fara haɗa monoma, wato ƙananan ƙwayoyin sinadari, su zama doguwar sarƙa da ake kira polima, a hanyar da masana ke kira Atom Transfer Radical Polymerization, ATRP a taƙaice. Krzysztof Matyjaszewski a Amurka da Mitsuo Sawamoto a Japan ne suka bayyana ta a 1995, kowa da nasa binciken, na farko da jan ƙarfe, na biyu da wani ƙarfe mai suna rutiniyam.

Jan ƙarfe mai caji 1 yana fizge buromin daga jikin halaid ɗin, ya koma mai caji 2, ya bar kabon da ilektiron guda marar abokin tarayya, wato radikal. Radikal ɗin nan ne yake afka wa tagwayen haɗin da ke tsakanin kabon biyu a cikin monoma, kamar sitirin, ya buɗe shi, sarƙa ta fara tsawo.

Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne, jan ƙarfen yana saurin mayar da buromin bakin sarƙar, sai ta kwanta, daga baya ya sake tayar da ita. Saboda haka radikal ba sa yawa a lokaci guda, ba sa yawan karo su kashe juna, sarƙoƙin kuma suna girma kusan tsawo ɗaya. Ka kori iskar oksijin daga kwalbar kafin ka fara, domin tana lalata jan ƙarfe mai caji 1.