Ginin da aka fara daga rufi

Jiya muna kan zubin linta ka tambaye ni, bayan ka ga hotunan da na ɗauko a Indiya lokacin da na raka yayana asibiti: "Maigida, wannan ɗakin bautar na Hindu, da me suka haɗa duwatsunsa tunda babu siminti a zamanin? Kuma ina fandishonsa?" Na ce ka bari mu tashi, don amsar ba ta kan tsani ba ce.

Ba su haɗa komai ba, ɗana. Ni ma da na shiga farfajiyar sai da na yi ta shafa bango ina neman gaɓar da dutse ya hau kan dutse, har wani mai gadi ya fara kallona. Babu gaɓa. Dutse ɗaya ne tal, daga ƙololuwa har daɓe, kuma fandishon da kake nema shi ne tsaunin kansa.

Wurin sunansa Ellora, a jihar Maharashtara, kimanin kilomita 30 daga birnin Aurangabad, wanda aka sauya wa suna zuwa Chhatrapati Sambhajinagar a 2023. Kogo 34 ne a jere a jikin tsauni: 12 na mabiya Buda, 17 na Hindu, 5 na mabiya addinin Jain. Wanda ka gani shi ne na 16, ana kiransa Kailasa, na gunkinsu Shiva, kuma ana danganta aikin da sarki Krishna na Ɗaya na daular Rashtrakuta, a ƙarni na 8 Miladiyya.

Ga yadda suka yi. Sun hau kan tsaunin, suka auna, suka yanka rami mai zurfi ta ɓangare uku har suka ware ƙaton curin dutse a tsakiya. Wannan curin suka riƙa sassaƙawa daga sama suna sauka: rufi tukuna, sannan bene, sannan ginshiƙai, ƙasa ce ƙarshe. Shi ya sa ba su buƙaci katakon hawa irin namu ba, dutsen da ba a kai ga sara ba shi suke takawa. Farfajiyar ta kai mita 82 a tsawo, 46 a faɗi, ginin kuma ya kai mita 30 sama. Ana ƙiyasta dutsen da aka kwashe ya kai tan 200,000. Lissafa da tifa mai ɗaukar tan 20, sawu 10,000 ke nan, ga shi guduma da cizal ne kayan aikin.

Amma ba nauyin ne ya tsaya mini a rai ba. Mu aikinmu ƙari ne. Ka jera bulo ya karkace, in zo in ture da ƙafa, mu yi asarar kwanon sarki biyu na kwaɓi, a sake. Su ragi suke yi, abin da cizal ya cire ya tafi ke nan. Mai sassaƙa rufin dole ya san inda ginshiƙi zai tsaya a ƙasa, a cikin dutsen da ido bai gani ba tukuna, ya bar masa jiki daidai. Akwai gada ta dutse da ta haɗa babban ɗakin da rumfar da gunkin bijimi yake, wanda suke kira Nandi. Da wani ya yi gaggawar share wurin tun daga sama, da babu gadar, kuma babu inda za a samo dutsen mayarwa. A gindin ginin an jera giwaye, kai ka ce su ke ɗauke da shi a gadon baya. Ba su ɗauke da komai, wayon masassaƙi ne, amma idonka zai yarda.

Wani abu ya ba ni dariya a kogo na 10, na mabiya Buda. Sun sassaƙa rufin da haƙarƙari kamar an jera katako, irin yadda muke jera azara, alhali dutse ba ya buƙatarsa. Hannu ya saba da aikin itace, ya ƙi bari. Har yau mutanen wurin kogon kafinta suke kiransa.

In Allah ya kai ka, kar ka je ranar Talata, a rufe yake. Baƙo kuma yana biyan kuɗin shiga fiye da ɗan ƙasa. Yawancin masu yawon buɗe ido suna tsayawa a ƙasa su ɗauki hoto su wuce. Kai ka bi 'yar hanyar da ta hau bayan tsaunin ka leƙo daga sama, nan masu aikin suka tsaya ranar farko, kuma nan ne za ka gane aikin. Ɗakin ciki inda masu bauta ke shiga, ni a bakin ƙofa na tsaya, aikin hannu na je gani. Azahar kuwa a Khuldabad na yi ta, garin da ke kusa, inda kabarin sarki Aurangzeb yake.

Ka ce da me suka haɗa. Abu ɗaya na ga sun ƙara daga waje: filasta. Sun shafe dutsen da farin shafe suka yi zane mai launi a kai. Mafi yawansa ya zube, sai ɗan saura a lungu da ƙarƙashin rufi, inda ruwan sama bai kai ba.