Amsa ga Alhaji: inda masu manyan rukunin gidaje suke cin ribarsu a Legas

Assalamu alaikum. Alhaji, tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa don maganar tana da tsawo. Ka ce an kwashe ku a mota kyauta zuwa wani babban rukunin gidaje a hanyar Epe, aka nuna muku inda titi da makaranta da asibiti za su zauna, aka ce fuloti a biya kaɗan-kaɗan cikin wata 24, kai kuma kana mamakin ina kamfanin zai ga riba bayan wannan ɗawainiya. Shekarata 14 ina kai wa irin waɗannan kamfanoni yashi da tsakuwa da tifa, daga Ajah zuwa Sangotedo har Eleko, kuma ina da fuloti a cikin ɗaya daga cikinsu. Abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Mu kallon magina muke yi musu, alhali 'yan sarin ƙasa ne. Yadda ɗan'uwanmu na kasuwar Mile 12 yake sayen albasa mota guda ya sayar kwando-kwando, haka suke sayen daji da fadama hekta-hekta su yanka mana fuloti-fuloti. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. A misali, in ya ware 3,000 don tituna da magudanan ruwa, saura 7,000, wato fuloti 14 masu mita 500. Ka lura da wannan 500 ɗin. Fulotin Legas da muka sani ƙafa 60 ne da 120, ya haura mita 600, amma a estet, wato irin wannan rukunin gidaje, za a ba ka 500 ko 450 a kira shi fuloti cikakke. Tun daga awo an fara cin riba.

Abin da ke ɗaga kuɗin wurin tun kafin a aza bulo ɗaya shi ne takarda. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma yawancin yankin Lekki zuwa Epe gwamnati ta daɗe da riƙe shi. Wani yanki take yankar wa ƙauyukan asali ta buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, daga nan ne iyalan ke da ikon sayarwa. Kamfani yakan saya a hannunsu da araha, don wuri ne mai ruwa, ba hanya, ga rigimar omo onile, wato 'ya'yan masu ƙasa na asali. Sai ya sa lauya da safiyo su yi ta zarya Alausa, sakatariyar gwamnatin jiha, har satifiket ɗin mallaka na shekara 99 ya fito. Ranar da takardar ta fito, filin bai canja ko taku ɗaya ba, ciyawar jiya ce a kansa, amma kuɗinsa ya ninka. Mai ƙaramin ƙarfi ba zai iya wannan jira da wannan kashe kuɗi shi kaɗai ba, shi ya sa muke biyan wanda ya iya.

Yanzu ga inda nake so ka natsu, don nan ne zuciyar sana'ar. Kamfanin ba ya gina garin da kuɗinsa, da naku yake ginawa. Abu na farko da ake sa mu kai wa kaya kullum shi ne ƙofar shiga da katangar gaba, sai titi ɗan gajere daga ƙofar. Da zarar an shafa fenti sai a buɗe kashi na farko da farashi mai sauƙi, a saki dillalai, kowa da la'adarsa, su cika Facebook da WhatsApp da hotuna. Kafin alƙalamin da kuka bayar da abin da kuke zubawa duk wata, da shi ake cike fadamar, da shi ake biyan mu masu tifa. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, na bankunan kasuwa kuwa ya fi haka. To wa zai je banki alhali ga mutum ɗari biyar suna ba shi kuɗi duk wata ba ruwa? Biya kaɗan-kaɗan da kake gani kamar alfarma aka yi maka, rance ne kake ba su, kuma farashin mai biya a hankali ya fi na mai biya lokaci ɗaya.

Da kashi na farko ya fara cika, mutum biyu-uku suka tare, aka ga fitila da dare, sai a buɗe kashi na biyu da sabon farashi. Wurare masu kyau kuma ba a sakinsu da wuri: bakin babban titi, kusurwa, gefen ruwa, da filin da aka zana wa makaranta ko gidan mai ko kantuna. Waɗannan kamfanin ke riƙewa, ya sayar a ƙarshe da tsada ko ya ba da haya. Kowane gida da ka gina da guminka yana ƙara wa filin da ya rage a hannunsa daraja. Haka ma aikin wasu. Tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar Ɗangote duk a 2023 aka ƙaddamar da su, titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba aka fara a 2024. Wanda ya sari daji a Ibeju, yankin da tashar da matatar suke, shekara goma kafin nan bai sa ko kwabo a waɗannan ayyuka ba, amma shi ya kwashi amfanin.

In kana son ganin abin a babban faifai, dubi Eko Atlantic. Tsofaffin mazauna Obalende sun tuna yadda teku ke cin Bar Beach har ruwa ya hau titin Ahmadu Bello. Kamfanin South Energyx na rukunin Chagoury ya yi yarjejeniya da gwamnatin jiha, ya yaso yashi daga cikin teku ya cike wurin, da shirin samar da fili kusan murabba'in mita miliyan 10, da katangar duwatsu da aka tsara ta kai kilomita 8.5 don tare igiyar ruwa. Babban cinikinsa shi ne sayar da wannan sabuwar ƙasa mita-mita, da dala, ga wasu su gina dogayen benaye. A 2022 Amurka ta aza harsashin sabon ƙaramin ofishin jakadancinta a can, kuma shigowar baƙo irin wannan kaɗai ta isa ta ɗaga kuɗin maƙwabtansa. Alaro City da ke hanyar Epe, hekta 2,000, haɗin gwiwar kamfanin Rendeavour da gwamnatin Legas tun 2019, ita da masana'antu ta fara jawo mutane, don tana cikin yankin ciniki maras shinge na Lekki. Inda ma'aikata suka taru, masu neman gida za su biyo.

Sai kuɗin da ba a rubuta a allon talla ba. Bayan ka gama biyan fili akwai kuɗin safiyo, kuɗin takardar cinikin, da kuɗin raya unguwa na titi da kwalbati da turakun wuta. Nan ne aka ƙone ni. Wani kamfani, ba zan kama suna ba, na bi shi kuɗin yashi a 2019, ya ce in karɓi fuloti a madadin kuɗina. Na karɓa da murna. Sai 2022 aka nuna min inda nawa yake, can ƙarshen katanga, kuma a takardar an rubuta cewa kuɗin raya unguwa za a sanar daga baya. Da aka sanar, ya kusa rabin kuɗin fulotin kansa. Ba ni da bakin magana, da hannuna na sa hannu. Har yau abin yana min ciwo, don kuɗin auren ƙanwata na taɓa na biya. Akwai kuma tarar jinkirin biyan wata, wadda ya kamata ka tambayi malamai hukuncinta kafin ka shiga, da kason da ake zaftarewa in ka fasa ka nemi a mayar maka da kuɗinka.

Ko bayan ka tare ba a rabu ba. Sabis caji na shekara don masu gadi, shara da fitilun titi, wutar da estet ke saye ko samarwa ta sayar maka ta mitarta, ruwa, kuɗin duba zanen gininka, har in za ka sayar wa wani, akwai kuɗin canjin suna. Wasu kamfanonin suna miƙa wannan ga ƙungiyar mazauna in unguwa ta cika, wasu kuwa sun kafa wani ƙaramin kamfani nasu da zai ci gaba da karɓa har abada. Gina gidaje a sayar tun suna kan takarda shi ma hanya ce, sai dai ita ta fi haɗari. Tun da aka saki naira a 2023 siminti da rodi suka tashi, na ga gine-gine da yawa sun tsaya a linta, saboda an karɓi kuɗin mutane da tsohon farashi.

Kada ka ɗauka ina cewa duk cuta ce. Na san tifa nawa fuloti ɗaya na fadama ke haɗiyewa kafin ya ɗauki fandisho, na san abin da kwalbati mai kyau ke ci. Wanda ya yi wannan aiki da gaskiya ya ci halaliyarsa, kuma zama a wurin da ba mai zuwa ya ce maka filin kakansa ne yana da daɗi. Wanda nake tsoro shi ne mai sayar da kashi na uku don ya biya bashin na farko.

Kafin ka ba da ko sisi, ka karɓi lambobin awon filin ka ba safiyonka, ba nasu ba, ya duba a ofishin babban safiyon jiha ko wurin yana cikin abin da gwamnati ta riƙe. Lauyanka ya binciki takardar a rajistar filaye ta Alausa, ka kuma duba ko kamfanin yana da rajista da LASRERA, hukumar jihar Legas mai kula da harkar cinikin filaye da gidaje. Ka sa a rubuta maka adadin kuɗin raya unguwa da ranar da za a nuna maka fulotinka, da lambarsa. Sannan ka shiga wani tsohon estet nasu ka tambayi mazauna nawa suke biya a shekara, kuma wa ke karɓa.

Ranar Asabar ina da lodi a Eleko. In za ka koma, yi min magana mu je tare, ka zo da takardar da suka ba ka. Tunda ana ruwa kwanakin nan, mu sa takalmin roba mu wuce ƙofar da suka nuna muku, mu taka har ƙarshen filin.