Amsa kan gine-ginen kankare da ke Baggy Point

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙananan ɗakunan kankaren da ke kan tsaunin Baggy Point, a gabar tekun Devon ta Ingila, an gina su ne don tare mamayar Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu. A'a, na atisaye ne.

A 1943 sojojin Amurka suka buɗe cibiyar horo a yankin, da hedikwata a garin Woolacombe, ƙarƙashin Laftanar Kanar Paul Thompson. Abin da ya ja su wurin shi ne rairayin bakin tekun da yanayin igiyar ruwansa sun yi kama da na Normandi a ƙasar Faransa, inda za su sauka ranar 6 ga Yuni 1944. Sai suka kwaikwayi maɓoyar 'yan bindigar Jamus, suna koyon yadda za a kai mata farmaki da bama-bamai. Idan ka matsa kusa za ka ga inda harsasai suka ɓantare jikin kankaren. Wannan tabon ya fi taɓa min zuciya, domin samarin da suka yi harbin da yawansu ba su koma gida ba.

Kada ka tsaya a kan tsaunin kawai. Kudu da shi, cikin tuddan rairayi na Braunton Burrows, akwai kwaikwayon jiragen ruwan sauke sojoji da aka yi da kankare, inda dakaru suka koyi shiga da fita cikin sauri. Baggy Point yana hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi a Ingila, kuma akwai hanyar ƙafa da ke zagaye shi.