Auren 'yar Tailan: biki daban, rajista daban

Ɗan'uwa, ka tambaya ko bikin da iyayen yarinyar za su shirya ya isa ta zama matarka a dokar Tailan. Bai isa ba. Ko an yi kwana uku ana shagali, sai kun je ofishin gunduma da suke kira amfo, ku da shaidu biyu, an rubuta auren.

Kafin nan ka je ofishin jakadancin ƙasarka a Bankok ka karɓi takardar shaidar cewa ba ka da aure, a fassara ta zuwa harshensu, Ma'aikatar Harkokin Wajen Tailan ta tabbatar da ita. Nan nake so ka kula sosai: dokarsu ta daina amincewa da mace fiye da ɗaya tun 1935. In kana da iyali a gida, kada ka ɓoye, don yarinyar za ka cuta.

Bikin kuwa, dangin ango kan taho da kiɗa da tiren kaya. 'Yan'uwan amarya su tare hanya da sarƙar zinare, sai ango ya ba da ɗan wani abu su buɗe. A baje kuɗin aure da suke kira sin sod da zinare gaban jama'a. Iyaye ake ba, ba kamar sadakinmu ba, wasu kuma kan mayar wa ma'auratan. Daga nan manya su zuba musu ruwa a hannu daga ƙoƙon dodon koɗi.

In Musulma ce daga lardin Pattani, Yala, Narathiwat ko Satun da ke kudancin ƙasar, can ana bin shari'ar Musulunci kan aure da gado tun 1946.