Ƙurar bam ɗin Sahara da naman dawa

Tambaya: Malam, ni mafarauci ne daga Wurno. Mahaifina ya sha ba mu labarin bam ɗin da Faransawa suka fasa a Sahara, yana cewa hunturu ya kwaso ƙurarsa zuwa ƙasarmu. Shin gubar tana nan a jikin gada da zomo da zabin da muke kamawa?

Amsa: Ɗan'uwa, Baba bai yi ƙarya ba. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na nukiliya na farko kusa da Reggane a Aljeriya, ta kuma sake, har Najeriya ta fusata ta yanke hulɗa da ita a farkon 1961.

Ƙurar irin wannan bam tana ɗauke da burbushi iri-iri. Aidin-131 ba ya daɗewa, rabinsa yakan ƙare cikin kwana 8. Mai naci shi ne siziyam-137, wanda sai an yi shekara 30 kafin rabinsa ya tafi. Ruwan sama ya sauko da shi kan ciyawa, dabba ta ci, jikinta ya ɗauke shi kamar fotasiyam, sinadarin abinci da tsoka ke buƙata, sai ya baje cikin tsoka. Sitoronshiyam-90 kuwa ƙashi yake bi. Kura ko shaho ko mutum, duk wanda ya ci naman ya karɓi rabonsa, kuma gashi a wuta ba ya kashe shi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, cimar dabba ce ke yanke hukunci. Bayan fashewar tashar wutar lantarki ta nukiliya ta Chernobyl a Yukren cikin 1986, barewar ƙasashen ƙanƙara ta Norway da Sweden ta fi kowa shan wahala, domin da sanyi gansakukar kan dutse da ƙasa take ci. Gansakukar nan ba ta da saiwa, daga iska da ruwan sama take sha, ta riƙe siziyam kamar yadda soso ke riƙe ruwa. Makiyayan ƙabilar Sami suka yi asarar dubban dabbobi da aka hana sayar da namansu. Ni wannan na taɓa min zuciya, domin na san abin da garke yake nufi ga mai shi. A kudancin Jamus har yanzu ana auna naman aladen daji, saboda suna tono wani naman kaza na ƙarƙashin ƙasa mai tara siziyam. Wasu makiyayan tumaki a Birtaniya sai 2012 aka ɗage musu takunkumi.

Mu a Sakkwato, siziyam ɗin da ya sauka a 1960 bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ya saura ba, kuma ƙasa mai laka irin ta fadamar Rima takan riƙe shi gam, ta rage wanda ciyawa za ta zuƙa. Ba na jin tsoron gadarka ta wannan fuskar. Wanda nake tsoro shi ne zabon da aka kama da hatsi mai maganin ƙwari, da kuma dalmar harsashi. Ka yanke naman da ke kewaye da raunin ka zubar, musamman idan yara za su ci.