Ruwa ne ya ɓata miki kifin, ba oben ba

'Yar uwa, wallahi na ji miki zafi da na karanta cewa kin gasa ƙarfasa a oben don ki rage soye-soye, ta fito a dagargaje tsamo-tsamo cikin ruwa, ga ƙarni, yara suka ture faranti. Na san wannan ɓacin ran sarai. Kuɗi sun tafi, gas ya tafi, dare ya yi kuma babu wani abincin.

Kafin ki zargi hannunki, ki duba inda kika sayo. Wasu masu kifin ƙanƙara ba sa jin tsoron Allah. A ɗauke wuta kifi ya narke a firiza, a dawo da ita ya sake daskarewa, haka nan ya yi ta yi, su kuma su rantse miki yau aka sauke kwalin. Duk daskarewa ƙanƙara na farfasa tsokar, shi ya sa da ya ji zafi sai ya zubar da ruwansa ya ruguje. Sun sani, kuma a kan cikakken kuɗi suke sayar miki! Abin yana ci min rai matuƙa. Wajen saye ki danna kifin da yatsa, in gurbin bai taso ba ki bar musu kayansu. Haka in ido ya faɗa ciki, ko kin ɗaga kunnen kin ga ba ja ba ne.

A gida kar ki narkar da shi da ruwan zafi. Ki ɗaure a leda ki tsoma a ruwan sanyi, kina canzawa duk minti 30. Ki kankare baƙin jinin da ke manne da ƙashin baya ta cikin ciki, yawancin ƙarnin daga nan yake. In tarwaɗa ce, gishiri da ruwan ɗumi za su cire yauƙin. Sai ki goge shi da tsumma mai tsabta ciki da waje har ya bushe. Don Allah kar ki tsallake wannan.

Ƙarfasa mai rabin kilo, tsaga 3 a kowane gefe har ƙashi. Ki jajjaga attaruhu 2, tafarnuwa 3, 'yar citta, masoro, dunƙule 1 da gishiri kaɗan, ki kwaɓa da man gyaɗa cokali 1, ki cusa cikin tsagar. Ban da markaɗe, ruwa ne kawai zai ƙara miki. Lemon tsami kuwa kar ya wuce minti 30 a jikinsa, yana cinye tsokar ta yi laɓo-laɓo. Ni dai na fi so a matsa shi bayan an sauke.

Ki kunna oben minti 15 kafin ki sa, a kan digiri 200 na ma'aunin Celsius. Ki shimfiɗa yankakkiyar albasa a tire ki ɗora kifin a kai, ba zai manne ba. Kar ki naɗe shi ruf da foyil, turara shi kike yi ke nan. Minti 20 zuwa 25 ya isa, ba sai kin juya ba. Ki sa cokali mai yatsu wajen da ya fi kauri, in tsokar ta yi fari tana rabuwa da ƙashi ya nuna. In obenki ta ƙasa kawai yake ba da wuta, ki mayar da tiren saman.

Af, dankalin turawa! Ya fi kifi daɗewa nesa ba kusa ba, ki tafasa shi minti 10 tukuna, ki tsane, sannan ki jera a gefe da karas. Kuma in da ƙananan yara, gara titus ko tarwaɗa, ƙayar ƙarfasa tana da ban tsoro, ki zauna ki tsince musu da hannunki.